Sauti a kowane ɗaki: yadda ake haɗa rediyo, kaset, garmaho da intanet a tsari ɗaya

Tsarin sauti na ɗakuna da yawa shi ne wanda ake tara na'urorin saurare a wuri guda, sannan a raba abin da suke fitarwa zuwa falo, zaure, ɗakunan kwana da tsakar gida, kowane wuri da lasifikarsa da maɓallin ƙara murya ko rage ta. A gidajen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kayan sauraren sukan kasance a warwatse: rediyo a zaure, tsohon rikoda a ƙarƙashin gado, kaset-kaset a cikin kwali, sabbin waƙoƙi da karatu kuma a salula. Ana iya haɗa su duka ba tare da an jefar da na da ba. Sai dai kuskure ɗaya a lissafin lasifikoki ko a ƙarfin wuta yana iya ƙona na'ura mai tsada cikin mintoci, shi ya sa ake son sanin ƙa'idojin kafin a nufi kasuwa.

Sassa huɗu na tsarin

Kowane irin tsari aka zaɓa, abubuwa huɗu ne a cikinsa. Na farko tushen sauti, wato rediyo, na'urar kaset, garmaho, na'urar CD, ko akwatin da ke jawo sauti daga intanet. Na biyu mazaɓi, wanda da shi ake cewa yanzu rediyo za a ji ko kaset. Na uku na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda masu gyara a Nijar ke kira ampili. Na huɗu lasifikoki, waɗanda aka fi sani da bafil. A yawancin na'urorin gida mazaɓi da ampili suna cikin akwati ɗaya, wani lokaci har da rediyo.

Tushen sauti iri biyu ne. Na analog yana ajiye sautin a siffarsa, ko dai a matsayin lanƙwasa a cikin ramin faifai ko a matsayin maganaɗisu a jikin zaren kaset. Na dijital yana mayar da sautin lambobi, kuma dole wani ɗan guntun na'ura ya sake mayar da lambobin sauti kafin su isa ampili. Wannan guntu yana cikin kowace salula da kowane akwatin saurare ta intanet.

Rediyo, kaset da garmaho

Tashoshin FM suna tsakanin megahas 87,5 da 108, kuma nan ake kama Muryar Sahel da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia. Rediyon da ke cikin ampili yakan yi shuu idan ba shi da eriya. Eriya mai reshe biyu, kowane reshe kimanin santimita 75, da aka ɗora a sama kuma aka jawo ta da wayar eriyar talabijin, ta wadatar a cikin gari.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma zarensa yana tafiya santimita 4,76 a daƙiƙa. Na'urar kaset tana da mafita biyu a baya, fari na hagu da ja na dama, waɗanda ake sa wa a mashigar da aka rubuta wa TAPE ko AUX a jikin ampili. Abin da ya fi lalacewa a tsohuwar na'ura shi ne robar da ke juya injin: idan ta saki, murya takan riƙa rawa ko ta yi nauyi. Ana goge kan da ke karanta zaren da auduga da barasar goge na'ura, a bar shi ya bushe kafin a sa kaset. Maɓallin Dolby kuwa ba a kunna shi sai ga kaset ɗin da aka ɗauka da shi, in ba haka ba sautin zai dushe.

Garmaho ya fi su buƙatar kulawa. Babban faifai mai juyawa sau 33 da sulusi a minti ya fito daga kamfanin Columbia a 1948, ƙarami mai juyi 45 kuma daga RCA Victor a 1949. Allurar garmaho tana fitar da wuta ƴar kaɗan, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na bolt ɗaya, alhali na'urar CD tana kaiwa bolt 2. Bayan haka, lokacin yanka faifai ana rage sautin ƙasa, a ƙara na sama, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954. Saboda waɗannan dalilai biyu dole garmaho ya bi ta mashigar da aka rubuta wa PHONO, wadda ke ninka ƙarfin kusan sau ɗari kuma ta gyara sautin. Idan ampili ba shi da ita, ana sayen ƙaramin akwati mai yin wannan aiki a sa tsakaninsu. Wasu sabbin garmaho suna da shi a ciki, da ɗan maɓalli mai PHONO da LINE. Idan an sa shi a LINE, to AUX za a kai shi. Siririyar wayar da ke fitowa tare da fari da ja ita ce wayar ƙasa, ana ɗaure ta a dunƙulen da aka rubuta wa GND, domin idan aka bar ta lasifika za ta yi ta gurnani. Tsofaffin faya-fayai masu juyi 78 suna da faffaɗan rami, allurarsu daban ce.

Saurare ta intanet

Manhajojin da aka fi amfani da su sun haɗa da YouTube, Boomplay wanda ya fara a Najeriya a 2015, Audiomack, da Spotify wanda ya buɗe wa Nijar ƙofa a watan Fabrairun 2021 tare da wasu ƙasashe fiye da 80. Akwai kuma gidajen rediyo masu watsa shiri ta intanet.

Hanya mafi sauƙi ta shigar da su cikin tsari ita ce ƙaramin akwatin Bluetooth da ake sa wa a AUX. Yana da araha, amma nisansa bai cika wuce mita 10 ba, bango yana rage shi, kuma duk kiran da ya shigo salular zai katse sauraren. Hanyar da ta fi ita ce akwatin saurare mai aiki da Wi-Fi, irin na WiiM, Sonos, Yamaha ko Denon. A nan akwatin da kansa yake jawo sautin daga intanet, salula kuwa umarni kawai take bayarwa, mai ita yana iya fita da ita kasuwa ba tare da waƙar ta tsaya ba.

Ga mai sayen intanet a wurin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom, lissafin abin da ake ci yana da muhimmanci. Sauti mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa. Mai kilobit 320 yana cin megabait 144. Mai ingancin CD wanda ba a matse ba yana cin wajen megabait 635. Ke nan gidan da ke saurare awa uku kullum zai ci gigabait 5 da ɗoriya a wata a mataki na farko, kusan gigabait 13 a na biyu. A yawancin tsare-tsare, idan ɗakuna huɗu suna jin abu ɗaya, sau ɗaya ake jawo shi daga waje, a raba shi a cikin gida. Idan kowane ɗaki da abin da yake ji, cin zai ninku. Waƙoƙin da ke kan katin salula ko makullin USB ba sa cin komai, kuma akwatuna da yawa suna karanta su.

Hanya ta farko: ampili ɗaya da wayoyi

A nan ana jawo waya daga ampili zuwa kowane ɗaki. Abin lura shi ne nauyin da lasifika ke ɗora wa ampili, wanda ake aunawa da om, kuma ana rubuta shi a bayanta kamar haka: 8 Ω. Idan lambar ta yi ƙasa, ampili yana fitar da wuta mai yawa, yana kuma ƙara zafi. Lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa a mafita ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, suna zama om 4. Uku suna zama om 2,7. Huɗu suna zama om 2. Yawancin ampilin gida ba sa jure abin da ya gaza om 4, wasu ma om 6 ne iyakarsu. Wannan shi ne babban abin da ke ƙona su: mai gida ya ga murya tana fita, ya yi ta ƙara lasifika a kan waya ɗaya har na'urar ta mutu.

Ampili mai maɓallin A da B yana ɗaukar ɗakuna biyu, amma a duba rubutun da ke bayansa, domin galibi yana cewa idan za a kunna A da B tare, kowace lasifika kada ta gaza om 8. Idan ɗakunan sun wuce biyu, ana buƙatar akwatin raba lasifikoki mai kāre ampili, ko maɓallan bango masu daidaita om. Wasu manyan ampilin kallon fim suna da mafitar da aka rubuta wa Zone 2, wadda ke ba ɗaki na biyu damar jin wani abu daban. A tsofaffinsu da yawa, abin da ya shigo ta fari da ja ne kaɗai ke zuwa can.

Kaurin waya ya danganta da nisa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada wayar ta ci fiye da kashi 5 cikin ɗari na om ɗin lasifika. Ga lasifika mai om 8, wayar jan ƙarfe mai kaurin 0,75 mm² tana kaiwa kimanin mita 8, mai 1,5 mm² mita 17, mai 2,5 mm² mita 28. Ga mai om 4 a raba waɗannan biyu. A kasuwa akwai waya mai araha wadda cikinta gorar ruwa ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma idan aka kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana. Tana tare wuta fiye da ta gaske da kusan rabi ko sama da haka, kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri.

Hanya ta biyu: layin bolt 100

Wannan shi ne tsarin da ake amfani da shi a masallatai, makarantu da tashoshin mota, kuma ya dace da gida mai faɗi wanda zaurensa ke nesa da ɗakunan ciki. Ampili yana fitar da sauti a ƙarfin da ke kaiwa bolt 100, kowace lasifika kuma tana da ɗan taransifoma da ke ɗibar rabonta, misali wat 3, 6 ko 10. Ba a lissafin om a nan. Ana tara wat ɗin dukkan lasifikokin, a tabbata jimillar ba ta wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin ampili ba. Waya guda mai 1 ko 1,5 mm² tana iya zagaya gida gaba ɗaya, ta yi fiye da mita 100, ana ɗiba daga jikinta a kowane ɗaki. A Amurka bolt 70 ake amfani da shi, don haka wasu na'urori suna da mafita biyun.

Illarsa biyu ce. Sautin a haɗe yake, babu hagu da dama, kuma ƙananan taransifoma suna rage sautin ƙasa irin na ganga. Ga labarai, karatu da waƙar da ake ji ana aiki, wannan ba ya damun kowa. Kada a taɓa sa lasifika ta gida mai om 8 kai tsaye a mafitar bolt 100, kuma a rufe duk wani ɗauri da kyau, domin layin yana iya jan mutum idan murya ta yi sama.

Hanya ta uku: Wi-Fi

A wannan tsari kowane ɗaki yana da lasifika mai ampilinta a ciki, ko ƙaramin akwati da ke haɗe da ampilin ɗakin, duka kuma suna magana da juna ta akwatin Wi-Fi na gida. Kamfanin Sonos, wanda aka kafa a 2002 a Kalifoniya, shi ya yi fice da wannan tun na'urarsa ta farko a 2005. Denon ya biyo da HEOS a 2014, Yamaha da MusicCast a 2015, Apple kuma ya fito da AirPlay 2 a 2018. Amfaninsa a fili yake: ba a fasa bango, kowane ɗaki yana iya jin nasa, kuma da salula ake haɗa ɗakuna ko a raba su.

Amma akwai abubuwan da ya kamata a sani. Na'urorin kamfanoni daban-daban galibi ba sa haɗuwa a rukuni ɗaya sai ta hanyoyi irin su AirPlay 2 ko Google Cast, kuma AirPlay na masu iPhone ne, alhali Tecno, itel, Infinix da Samsung Android suke amfani da shi. Sannan rayuwar na'urar tana hannun kamfaninta. Google ya daina yin Chromecast Audio a 2019, ƙasa da shekara huɗu bayan fitowarsa, Sonos kuma ya daina ba tsofaffin na'urorinsa sabbin gyare-gyare a 2020. Ampili na analog da aka ƙera shekara 40 da suka wuce yana nan yana aiki muddin akwai mai gyara.

Katangar laka mai kauri da ginin siminti mai ƙarfe a ciki suna raunana Wi-Fi. Zangon 2,4 GHz ya fi ratsa bango, zangon 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa. Inda zai yiwu, a jawo wayar intanet irin Cat5e ko Cat6 zuwa na'urorin da ba sa motsi. Tana kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba.

Shigar da kaset da garmaho cikin Wi-Fi

Ana buƙatar akwati ɗaya mai mashigar analog, wanda zai karɓi sautin ya mayar da shi lambobi ya aika wa sauran ɗakuna. Sonos Port da WiiM Pro suna da ita, ampilin Yamaha masu MusicCast kuma suna iya raba abin da ya shigo musu daga garmaho ko rediyo. Wuri mafi dacewa da za a ɗebo sautin shi ne mafitar da aka rubuta wa REC OUT ko TAPE OUT a bayan babban ampili. Tana fitar da duk abin da aka zaɓa a gaba, har da garmaho bayan an gyara shi, kuma maɓallin murya ba ya shafar ta.

Matsalar da ke biyo baya ita ce jinkiri. Mayar da sauti lambobi da aika shi yana ɗaukar lokaci: a Sonos mafi ƙarancinsa kashi 75 cikin dubu na daƙiƙa ne, a AirPlay yakan kai daƙiƙa biyu. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin farko daidai yake da a ce lasifikar ɗakin gaba tana nesa da mita 26. Wanda ya tsaya a baranda tsakanin falo da ɗaki zai ji amsa-kuwwa. Maganinsa shi ne kada falo ya ji sautin kai tsaye: garmaho ko kaset ya fara shiga akwatin, sannan mafitar akwatin ta koma ampilin falo, ta yadda kowa zai ji a lokaci ɗaya. Wannan jinkirin ne kuma ke sa baki da murya su saɓa idan aka tura sautin talabijin.

Wuta, zafi da ƙura

Kuran na NIGELEC bolt 220 ne, mai bugu 50 a daƙiƙa, wato abin da ake rubutawa 50 Hz. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na cikin Japan bolt 100, kuma sa su kai tsaye a soket yana ƙona su nan take. A karanta rubutun bayan na'ura kafin a biya kuɗi. Ko an sa taransifoma mai rage ƙarfi, garmahon Amurka wanda injinsa ke bin bugun wuta zai yi sanyin tafiya, domin an yi shi ne don bugu 60: maimakon juyi 33 da sulusi zai yi ƙasa da 28.

Lokacin bazara, da buƙatar wuta ke ƙaruwa, ƙarfinta yakan yi sama da ƙasa, dawowarta bayan ɗaukewa kuma ita ce ta fi yin ɓarna. Ana son regilata mai ɗan jira kafin ya saki wuta. Idan da hasken rana ake aiki, na'urar juya wutar batir ta zama mai fitar da wuta tsantsa irin ta kamfani, domin masu araha suna sa ampili gurnani da zafi. Batir mai bolt 12 da 100 Ah yana ɗauke da wat 1200 na awa ɗaya, amma na dalma rabinsa kawai ake so a sha, wato tsarin da ke cin wat 60 zai yi ƙasa da awa 10. Sabbin ƙananan ampili na ajin D suna isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci ga lasifika, ba sa zafi sosai, wasunsu kuma suna aiki kai tsaye da batir. A bolt 12 irinsu suna ba da wajen wat 9 ga lasifika mai om 8, wat 18 ga mai om 4, wanda ya ishi ɗaki. Rediyon mota ma mafita ce ga mai ƙaramin ƙarfi: yana aiki da bolt 12, yana da FM, USB, Bluetooth da AUX, yana ɗaukar lasifika huɗu, kuma maɓallin gaba da baya yana raba murya tsakanin ɗakuna biyu.

A watan Afrilu zafin rana a Yamai yakan wuce digiri 40. Ampili yana buƙatar sarari na aƙalla tafin hannu a sama da gefe, kuma kada a rufe shi da ƙyalle yana aiki. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙara idan an juya su, don haka a lulluɓe kayan bayan an kashe. Kyankyaso da tsaka suna son ɗumin cikin na'ura, zanzaro yana gini a ramin lasifikar waje, ɓera da gara kuma suna cin waya. A saka wayoyi cikin tiyon roba, a sa raga a ramuka. Da damina, idan hadari ya taso, a zare eriya da wayar wuta.

Misalin gida mai wurare biyar

A ɗauki gida mai falo, zaure, ɗakin uwargida, madafa da tsakar gida. A falo za a ajiye babban ampili da lasifika biyu masu om 8. Garmaho ya shiga PHONO, kaset ya shiga TAPE, akwatin intanet ya shiga AUX, rediyo kuma yana ciki. Daga REC OUT gajeriyar waya ta tafi zuwa ampili na biyu mai layin bolt 100 da ƙarfin wat 60, wanda aka ɗora kusa da na farko. Yawancin irinsa suna haɗa hagu da dama da kansu. Zaure ya ɗauki wat 6, ɗakin uwargida wat 6, madafa wat 3, tsakar gida lasifika biyu masu jure ruwa, kowace wat 10. Jimilla wat 35, iyakar da aka yarda kuma wat 48, saura wat 13 don ƙarin ɗaki. Kowane wuri a sa masa maɓallin bango na layin bolt 100. Tun da rabon duka ta waya ake yi, babu jinkiri ko kaɗan. Abin da tsarin ba zai yi ba shi ne ba kowane ɗaki shiri daban. Mai son haka sai a ƙara masa lasifikar Wi-Fi guda.

Wajen haɗawa

Ana yin duk wani ɗauri ne na'urori suna kashe. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace lasifika; idan aka juya ɗaya, sautin ƙasa zai ɓace. Wayar da ba ta da alama ana gwada ta da batirin tocila mai bolt 1,5: idan fatar lasifika ta turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja. Kada a bar silin waya ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa a bayan ampili, kuma kada a haɗa mafitar hagu da ta dama wuri ɗaya don neman sauti a lasifika guda. Wayoyin fari da ja kada su wuce mita 5. Wayar sauti ta nisanci wayar kuran da kimanin santimita 30, idan dole su haɗu su gitta juna. Duka na'urorin falo su sha wuta daga soket ɗaya, wannan yana kawar da mafi yawan gurnani. Ana kunna tushen sauti da farko, ampili a ƙarshe. Wajen kashewa ampili ne na farko. Gwaji ana fara shi da ɗaki ɗaya, murya a ƙasa, sannan a riƙa ƙara ɗakuna ana taɓa ampili a ji zafinsa.

A shago, lambar wat da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta wa RMS. Dubban wat ɗin da ake bugawa a kwali da PMPO talla ce. Lasifikar gida takan ba da desibel 86 zuwa 90 a nisan mita ɗaya da wat ɗaya kacal, ninka wat kuma desibel 3 kaɗai yake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare marar cutarwa a desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara. Lasifikar tsakar gida a kafa ta ƙasa-ƙasa tana kallon ciki, tun da katanga ɗaya ce tsakanin gida da maƙwabta.

Adana tsofaffin ɗauka

Kaset-kaset ɗin Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗan Ƙwairo ko Mamane Barka, da na tafsiri da na bukukuwan dangi, wasunsu babu su a intanet. Ƙimar irin waɗannan ɗauka ta fito fili lokacin da kamfanin Sahel Sounds ya sake buga aikin Mamman Sani na 1978 a faifai a 2013, bayan shekaru yana kan kaset kaɗai. Zafi yana lanƙwasa faifai, yana kuma busar da zaren kaset. Ana jera faya-fayai a tsaye cikin inuwa, kaset kuma nesa da lasifika saboda maganaɗisunta. A ɓalle ɗan harshen da ke saman kaset mai muhimmanci don kada a ɗauki wani abu a kansa bisa kuskure. Mafitar REC OUT ɗin nan tana iya shiga kwamfuta, inda manhajar Audacity, wadda kyauta ce, za ta kwafi sautin. Kaset mai minti 90 yana cin kusan megabait 950 a ingancin CD. A ajiye kwafi biyu a wurare daban, a kuma rubuta sunan mawaƙi ko malami da shekarar ɗauka tun akwai wanda ya tuna su a gidan.